Abin da Ake Faɗa wa Goyo

Ɗakin Kaka Dije shi ne na ƙarshe a gidanmu, can gindin rumbuna, a wani ɗan ƙauye na ƙasar Hawandawaki wanda ko mai moto sai ya yi tambaya kafin ya same shi. In ɗari ya kama, an ci tuwo an yi sallar lisha, sai ta hura wuta a tsakiyar ɗaki da karan gero, ta ɗora guntun icen gawo don ta jima. Mu jikoki mu kewaye, ƙafafu wajen wuta, baya ga sanyi. Hayaƙi ya yi ta sa mu hawaye, amma ba mai tashi.

Kaka ba ta yin tatsuniya kyauta. Kowa sai ta zube masa gujiya a gabansa ya ɓare, ta iri ce, ta shukar baɗi. Wanda ya faki ido ya jefa ɗaya a baki kuwa, ko ba ta ɗago kai ba ta sani.

"Na ji haƙori na aiki," takan ce. "Kusun wane gida ne ya shigo mani ɗaki?"

Ni ba baƙuwa ba ce a ɗakin, nan nake kwana. Ɗiyar fari ce ni, kuma a wajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a idon mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Ana yaye ni aka kai ni wurin Kaka, uwar babana. To sai ga shi na ƙi magana. Na yi tafiya, na yi gudu, aka haifi ƙanena har ya fara cewa "baba", ni ko uffan. Abin da nake so sai in nuna da hannu. Yaran gida suka sa mini Bebiya. Babana da ƙannensa suka tsai da shawara a kirawo wanzami ya yanke mini linzami, zaren nan na ƙarƙashin harshe, wai shi ne ya ɗaure ni.

Ranar da aka yi wannan shawara ban tuna ta ba, labari aka ba ni. An ce Kaka ba ta yi musu da kowa ba. Ta dai aika a ce wa babana tana son a taya ta ɓarar gujiya. Da ya zo ya zauna, ƙato da shi a tsakiyar yara, sai ta buɗe tatsuniya. Ita ce wadda daga baya na ji har ban san iyaka ba, don duk shekara sai ta maimaita ta. Takan zungure ni da ƙafa ta ce, "Ƙawata, matso, taki ce za a yi."

Yadda take buɗewa daban ne da na sauran tsofaffi.

"Ga wata can tahe da kaya niƙi-niƙi."

Mu amsa baki ɗaya, "A sauke ta, Kaka, mu ga abin da ta ɗauko."

Wai wata mata ce, Tabawa, ba ɗa ba jika. Ta je itace daji sai ta tsinci yaro a kogon tsamiya, tsuntsaye ne suka raine shi. In yunwa ta kama shi sai ya buɗe baki sama kamar ɗan tsako, ban da wannan ba ya cewa komai. Ta goya shi ta kawo gari. Mutane suka ce ɗan aljanu ne. Maigari ya ce ya ba ta daga nan zuwa girbi, in an yanke gero yaro bai yi magana irin ta mutane ba, a mai da shi inda aka ɗauko shi.

Tabawa ba ta je wurin boka ba. Ta ɗaura shi a baya ta shiga yi masa hira. In za ta rijiya ta ce, "Ga guga, ga igiya. Wancan mai gurnani raƙumi ne, kada ka yarda da shi." In tana daka ta ce, "Ka ji taɓarya? Ka ji turmi yana amsa mata?" In maƙwabta suka ɓata mata rai, shi take kai wa ƙara. Matan gari suna ta dariya, wai tana ɗibar ruwa da rariya. A nan Kaka takan dakata da ɓara, ta miƙe wuya.

"Tac ce musu, 'Binne nika yi. Wanda ya binne iri cikin rairayi tun ruwa bai sauka ba, ai ba ya komawa kullum yana tonawa ya ga ko ya tsira.'"

Aka yanke gero, yaro shiru. Maigari ya iso da mutanensa. Tabawa ta kwance goyo ta ajiye shi ƙasa, idonta cike da hawaye. Maigari ya miƙa hannu ke nan zai ɗauka, sai yaro ya dube shi daga sama har ƙasa, ya buɗe baki, da muryar Tabawa sak.

"Ga shi nan, mai tumbi kamar randa. Ya ci kazata bara, ya ce shaho ne."

Wayyo, dariyar da muke yi a nan! Kaka ta kumbura kumatu ta zama maigari, ta sake fuska ta zama yaro. Yaro ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, mai satar toka, mai aron turmi ba ta mayarwa, kowa ya ji nasa. Maigari ya ja da baya yana cewa, "Ɗauki ɗanki, ɗauke shi! Wannan ɗan mutane ne, har ya yi yawa."

"Ta sauke kayanta ta wuce," in ji Kaka. "Wanda bai gama ɓara ba, gobe daga waje zai ji."

An ce babana ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da yara suka watse Kaka ta ce masa, "In na kira ta tana waiwaye. In na aike ta tana zuwa. Kunne na aiki. A bar mani bakin." Ba a ƙara zancen wanzami ba. Ta ci gaba da jana duk inda za ta, tana yi mini zance kamar sa'arta. Wata rana akuya ta tsoma baki a ƙwaryar furarta, sai aka ji wata ƴar murya daga bakin ƙofa tana cewa, "Ja can, marar kunya, uwarki ma haka take." Kaka ta rangaɗa guɗa har mutane suka sheƙo suna tsammanin haihuwa aka yi.

Kaka ta rasu ina da aure a Korgom. Ni ma da ɗiya na fara, kuma na yi mata irin kunyar da aka yi mini. Ko a nan ba zan rubuta sunanta ba. A gida Malama ake ce mata, tun tana ƙarama, don ta cika tambaya. Da aka yaye ta sai goggonta, yayar babanta, ta ɗauke ta zuwa Tasawa. Can ta shiga lakwal, makarantar boko, ta yi ta wucewa aji bayan aji, har jami'a a Yamai. Ni kuwa sai da ƙannenta suka tasa na shiga karatun manya a rumfar kara, na koyi haɗa baƙi. Da shi nake wannan rubutu, a hankali, kamar yadda nake komai.

Abin da Malama ta zaɓa ta karanta ya ba mutane dariya da farko. Wai yadda yara suke fara magana. Wace kalma ce take fara fitowa, yaushe yaro yake haɗa biyu, yaya za a gane wanda jinkiri ne kawai da wanda kunnensa ne ba ya ji, don a kai shi likita da wuri. Babanta ya ce, "Abin da kowane yaro yake yi kyauta, shi za a tafi Yamai a koya?" Ni kuwa raina ya yi fari. Na san abin da ya kusa samun harshena.

Bara bayan girbi ta zo gida da jaka a kafaɗa da wata ƴar na'urar ɗaukar murya, aparai take ce mata. Ta kai matakin rubuta babban littafin da ake ba mutum doktora a kansa, tez suke ce masa. Furofesan da yake duba aikinta ya ce kafin ruwan shuka ya sauka ta kawo abin da ta gano a muryoyin da ta ɗauka, in babu, aikin ya tsaya. Hanyar da ta koya a littattafai ita ce a shimfiɗa tabarma, a zaunar da uwa da ɗanta, a ajiye kayan wasa, a ce mata ta yi masa hira. Ta yi haka a ƙauyukan Mayahi, ta yi a nan Korgom. Kullum ta hau kabu-kabu da safe, ta dawo da la'asar fuska ba walwala.

Wata rana ina bakace a tsakar gida, ta jawo turmi ta kwantar ta zauna a kai, ɗan nesa da ni. Mu biyu ba mu saba doguwar hira ba. Yawanci ta bakin ƙanwarta nake aika mata magana.

"Inna, zan bari."

"Me?"

"Karatun. Wani furoje na ƙungiyar agaji a Maradi yana neman ma'aikaciya. Zan kai takarduna."

Na ci gaba da bakace.

"Na saurari duk abin da na ɗauka," in ji ta. "Ba komai sai carar zakara da 'yi shiru'. Masu ɗan fari ko kallon yaran ba su yi, sai su rufe fuska da mayafi. Sauran kuma dariya suke yi, wai me jariri zai gane. In na rubuta abin da ke ciki, zan ce matanmu ba su magana da ɗiyansu. In ban rubuta ba, ba ni da tez." Ta murza zoben hannunta. "Wataƙila ma gaskiyar ke nan. Inna, ke fa? Kin taɓa yi mini magana ina goye?"

Faifai ya tsaya a hannuna. Tambaya ce da ɗiyar fari ba ta yi, uwa kuma ba ta amsawa. Amma na ga shekarun da ta yi tana karatu za su zube a gabana kamar dusar da nake sheƙewa. Ban dube ta ba. Na dubi geron, na ce, "Ga wata can tafe da kaya niƙi-niƙi."

Ba ta san amsar ba, ban taɓa yi mata tatsuniya ba. Sai na amsa wa kaina, na ba ta ta Tabawa daga farko har ƙarshe. Ta yi ɗan murmushi wajen maigari. Sannan na ƙara da wata wadda ba ta Kaka ba.

"Akwai kuma wata mata," na ce, "amarya ce a Korgom, da goyonta na fari. A cikin gida ba ta ko duban yarinyar, don kada uwar miji ta ce ba ta da kunya. Amma rijiya da nisa, kuma akwai wani wuri tsakanin gonaki da ba kowa. In ta kai nan sai ta rage tafiya. Ta ce wa goyonta ga balbela, ga jaki, ga gonar babanki can, bana ta ƙi. Ta faɗa mata wanda ya yi mata gori da safe. Ta yi mata waƙa. Yarinyar tana ja mata kitso tana amsawa da irin nata yaren. In sun hango mutum sai su yi tsit su biyun."

"Kullum?" in ji Malama, muryarta can ƙasa.

"Ruwa kullum ake ɗiba."

Ta goge ido da bayan hannu, ni kuma na yi kamar ƙaiƙayi ne ya shiga nawa. Can ta miƙe tsaye ta fara kai da kawo, kamar yadda take yi in kanta ya kama aiki.

"Ba a kan tabarma abin yake ba ke nan. A baya yake, a hanya, inda ba ido. Da kuma wurin kakanni da yayye." Ta tsaya. "Akwai wata hanya, na karanta ta. Ana sa ƙaramin aparai a aljihun rigar yaro, ya wuni da shi, ba baƙo a wurin. Duk wanda ya yi masa magana ya shiga. Na ajiye ta gefe ne don na san ba za a yarda ba. Inna, wa zai bari a sa wa gidansa kunne?"

Na ce, "Ke ki ji da furofesanki. Gidaje ki bar mini."

Ta kira shi a salula, ya ce ta gwada, amma wa'adi yana nan inda yake. Ta samo aron wasu ƙananan aparai. Ni na sayo yadi a kasuwa, na yanka ƴan riguna, na ɗinka wa kowace aljihu a ƙirji da maɓalli don kada ɗan hannu ya zaro. Na fara da matan da muka yi karatun manya tare, don mun ga kunyar juna tun muna riƙe alli a karkace.

Hajo, maƙwabciyata, wadda bakinta ba ya hutawa, ta juya rigar ta duba ciki da waje.

"Wato duk zagin da nake yi wa maigidana Malam in ya fita, jikana zai kai Yamai?"

"Yaya Hajo, ai Malam ya riga ya sani."

"Ya sani, amma bai da shaida!"

Malama ta zauna ta yi musu bayani dalla-dalla. Ba wanda zai saurara sai ita. Ba sunan kowa da zai fita. Duk lokacin da aka ga dama a tuɓe wa yaro rigar a rataye a garke, ba laifi. Wanda ya ce a goge, za a goge a gabansa. Hajo ta ce to a sa wa jikanta, "in ya so awaki su yi musu lacca."

Ba ko'ina aka yi dariya ba. Wani maigida ya ce na'urar tana tsotse muryar yaro, ya nuna mana ƙofa. Na bar shi ya huce, na koma ni kaɗai na gai da tsohuwarsa, na sake komawa ranar da aka yi suna a gidan. Bai yarda ba har yau, kuma muna gaisawa. Wata tsohuwa ta ce mini ido da ido, "Ke da ɗiyar fari kuna yawo kafaɗa da kafaɗa, duniya ta ƙare." Wannan ta shige ni, ban ɓoye ba. Na ce mata, "Iya, ba yawo muke ba, aiki ne." Na wuce gida na gaba. Baban su Malama ma ya ce tsofai-tsofai da ni na koma kamar mai tallar goro. Na ajiye masa furarsa na ce goro ai ba ya kai kansa. Washegari shi ya ɗaura mana amalanke zuwa rugar Fulani.

A ruga, Goggo Adama, wadda nake sayen nono wurinta tun ina amarya, ta ji bayani ta riƙe haɓa.

"Ku Haɓe kuna cewa kuna kunyar ɗan fari? Mu fa muka koya muku, ba ku ma iya ba." Ta ƙwala wa surukarta kira da Fulatanci, ta karɓi riga da kanta ta zura wa jikanta. "A ɗauka da namu. Kada a je can a ce ɗiyanmu da shanu kaɗai suke hira."

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Tabawa gargaɗi ce, a kiyaye baki gaban yara. Da na haihu na ɗauka haƙuri take koyarwa. Sai a wannan rani, ina taka rairayi mai zafi daga wannan ƙofa zuwa waccan, na gane Tabawa ba jira take yi ba. Haƙurinta da ƙafa yake, da baki. An ba ta wa'adi, an yi mata dariya, ba ta da tabbacin komai, ta tashi kowace safiya ta ƙara zuba wani iri. Kaka ma da ta hana a kira wanzami ba ta koma ta naɗe hannu ba. Masu sanyin murya irina, mutane suna tsammanin mun sallama ne. Ba su ga sawunmu ba.

Da rigunan suka fara dawowa, Malama ta shige ɗaki ta toshe kunnuwa da abin sauraro, tana rubutu. Na kai mata kunu, na tsaya. Akwai wata yarinya a bayan gidanmu, Zali, mai ɗan fari, wadda ko a suna ba a ji muryarta ba. Na ce a ɗan sa mini nata in ji, ko kaɗan.

"A'a, Inna."

"Ni fa na ɗinka rigar."

"Ke kuma kika ce musu ba mai ji sai ni. Amana ce."

Na ji kunya, na ji daɗi. Na juya zan fita sai ta cire abin daga kunne ɗaya. Idonta ya yi ja, amma fuskarta kamar an kunna fitila.

"Suna yi, Inna. Wallahi suna yi. Ba su ma yin shiru."

Ta koma Yamai hadari yana haɗuwa gabas. Takardun furoje suna nan a ƙasan akwatinta, ba ta kai ba. Bayan an yi shuka, gero ya fara kunnen kusu, ina noman farko a ƴar gonata sai ƙanwarta ta kawo mini salula da gudu, Malama ce ta kira.

"Inna, furofesa ya karanta abin da na rubuta. Ya ce in ci gaba. Amma ya ce Korgom kaɗai ba ta isa ba, sai an koma Mayahi, kuma a bi yaran nan har su fara haɗa magana. Aikin zai ja. Can kuma ba ki san kowa ba. Kin gaji, na sani, ko in nemi wata?"

Na jingina da hauya, na share zufa.

"Yaran Mayahi," na ce, "masu rarrafe ne ko masu tafiya? Don in san girman da zan yanka."